Yadda Na Koyi Sarrafa Aikatau na Faransanci a Lokacin Imparfait

Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare da ke Katsina, dangin mahaifiyata kuma suna Maraɗi, saboda haka tun ina yaro kunnena ya saba da Faransanci, ko da yake ban zauna a aji na koye shi ba sai da na girma. Na shiga ajin yamma ne domin shirin jarrabawar DELF, wadda ma'aikatar ilimi ta ƙasar Faransa ke bayar da takardar shaidarta. Malaminmu mutumin Damagaram ne da ya daɗe yana koyarwa. Ya fara mana da lokacin yanzu, daga nan ya kai mu ga passé composé, wanda ake haɗawa da aikatau mai taimako, avoir ko être, kamar a j'ai mangé, wato na ci, ko je suis allé, wato na tafi. Da wannan na iya jero abubuwan da na yi jiya ɗaya bayan ɗaya, amma da zarar na so in faɗi yadda gidan kakata yake a da, ko abin da muka saba yi idan mun je hutu, ko halin da gari yake ciki lokacin da wani abu ya faru, sai magana ta tsaya mini. Lokacin da ke ɗaukar wannan nauyi shi ne imparfait, kuma shi ne ya fi koya mini yadda Bafaranshe yake kallon abin da ya wuce.

Siffar aikatau ita aka fara ba mu, kuma ta zo da sauƙin da ban zata ba. Malam ya ce da ni, «Malam, kada ka nemi saiwar a ƙamus. Ka tambayi kanka yadda ake cewa "mu" a lokacin yanzu, a nan saiwar take.» Abin nufi shi ne a ɗauki siffar nous ta lokacin yanzu, a cire ɗafa-ƙeyar -ons, abin da ya rage shi ne saiwa, sai a liƙa mata ɗafa-ƙeya shida: -ais, -ais, -ait, -ions, -iez, -aient. Aikatau parler, wato yin magana, yana ba da nous parlons. Idan aka cire -ons sai parl- ya rage, daga nan a sami je parlais, tu parlais, il parlait, nous parlions, vous parliez, ils parlaient. Waɗannan shida ba sa canzawa ko da wane rukuni aikatau ya fito, kuma wanda ya sha wahalar lokacin yanzu, inda kowane rukuni yake da tasa hanya, zai fahimci dalilin da ya sa na ji sanyi a raina a wannan darasi.

Hikimar farawa daga nous ba ta bayyana mini sosai ba sai da muka shiga aikatau masu taurin kai. Finir, wato gamawa, yana ba da nous finissons, don haka saiwarsa finiss- ce, a ce je finissais. Boire, wato sha, yana ba da nous buvons, sai a sami je buvais, siffar da babu wanda zai yi hasashenta daga kalmar boire kanta. Haka prendre ke ba da je prenais, écrire ya ba da j'écrivais, connaître ya ba da je connaissais, voir ya ba da je voyais, faire kuma ya ba da je faisais, wanda ake rubuta gaɓarsa ta farko da ai amma a furta ta da gajeren wasali mara nauyi, kamar yadda ake yi a nous faisons. Har avoir da aller, waɗanda suke karya doka a wurare da yawa, a nan sun bi layi: j'avais, j'allais. Aikatau ɗaya ne kaɗai ya fita daga tsarin, shi ne être, domin nous sommes ba ya ƙarewa da -ons, saboda haka ake haddace saiwarsa ét- a ce j'étais, nous étions, ils étaient. Sai kuma falloir da pleuvoir waɗanda ba su da siffar nous kwata-kwata, ana riƙe su a matsayin il fallait, wato ya zama dole, da il pleuvait, wato ana ruwa.

Wannan ya sa aikina na farko a gida ya zama komawa baya. Na buɗe sabon shafi a littafina, na raba shi gida uku: sunan aikatau, siffar nous ta yanzu, sai je da nous na imparfait. Duk aikatau da na kasa cike gidansa na tsakiya daga ka, na san cewa gyaran da yake bukata yana can a lokacin yanzu, kuma sai na koma can na ƙarfafa shi. A ganina duk wanda ya ce imparfait yana ba shi wahala wajen siffa, to lokacin yanzu ne bai zauna masa ba.

Akwai 'yan ƙa'idojin rubutu da suka ɗauke ni lokaci fiye da dokar kanta. Harafin g a Faransanci yana da laushi a gaban e da i, yana da tauri a gaban a da o, don haka aikatau irin manger, wato ci, yake riƙe e domin kare laushinsa a je mangeais, il mangeait, ils mangeaient, amma ya yar da shi a nous mangions da vous mangiez, tunda i ya riga ya yi aikin. Haka harafin c yake samun 'yar wutsiyarsa a je commençais da ils commençaient, ya rasa ta a nous commencions. Abin da ya fi ba ido mamaki shi ne aikatau da saiwarsu ke ƙarewa da i, kamar étudier, wato yin karatu, inda ake samun i biyu a jere: nous étudiions, vous étudiiez. Da farko mutum zai ɗauka kuskuren ɗab'i ne, alhali dokar ce aka bi ba tare da sassauci ba, saiwa étudi- da ɗafa-ƙeya -ions. Irinsa ne nous croyions da nous voyions, inda y da i suke zama kafaɗa da kafaɗa.

Furuci kuwa wani fage ne dabam. Huɗu daga cikin ɗafa-ƙeyoyin nan shida, wato -ais biyu da -ait da -aient, sautinsu ɗaya ne, wasalin e mai buɗaɗɗen baki, sauran baƙaƙen duk ba a furta su. Ga mai magana wannan rahama ce, amma ga mai rubutu jarrabawa ce, domin idan malam yana yi mana shifta ya ce il parlait ko ils parlaient, kunne ba ya jin bambanci ko kaɗan, sai mutum ya duba jimlar da ta gabata ya gane ko mutum ɗaya ake nufi ko jama'a. Mu da muka saba da rubutun Hausa, inda kusan kowane harafi yake da aikinsa a baki, sai mun horar da hannu ya rubuta abin da kunne bai ji ba. Malam ya gaya mana cewa a tsofaffin littattafai za mu tarar da je parlois da j'étois, domin da oi ake rubuta waɗannan ɗafa-ƙeyoyi. Marubucin nan Voltaire yana cikin waɗanda suka yi fafutukar a koma ai, kuma hukumar kula da harshen, Académie française, ba ta amince da hakan a ƙamusunta ba sai a bugu na shida a shekarar 1835. Na ji daɗin sanin wannan, domin ya nuna mini cewa su ma masu harshen sun daɗe suna kokawa da ratar da ke tsakanin baki da alƙalami. Bambancin da ya zama dole kunne ya kama shi ne na nous parlons da nous parlions, ɗan sautin y da ke shiga tsakani, wanda shi kaɗai ke raba yau da da. Haka kuma je parlais da j'ai parlé suna kusa da juna a bakin mai sauri, har na koyi sa kunne ga farkon maganar, in ji ko akwai aikatau mai taimako ko babu.

Duk wannan siffa ce. Babban aikin shi ne sanin lokacin da za a ɗauki imparfait a bar passé composé, kuma a nan ne sana'ata ta koyar da nahawun Hausa ta yi mini rana. Littafin da muke amfani da shi ya yi bayanin ne da Turanci, da dogayen jerin sharuɗɗa, ɗalibai kuma suna ta haddacewa. Da na zauna ina nazarin misalan, sai na ga cewa abin da ake ta kewayawa a kai, Bahaushe yana yin sa kullum ba tare da tunani ba. Idan na ce, «Jiya ina cin abinci sai ga wana ya shigo,» na yi amfani da lokaci mai ci a «ina ci», ko da yake jiya ake magana, domin cin bai ƙare ba a daidai lokacin da nake nunawa, sannan na yi amfani da shuɗaɗɗen lokaci a «ya shigo», domin shigowar ta auku ta kammala. Faransanci yana yin wannan rabo daidai wa daida: Hier, je mangeais quand mon frère est entré. Hausa ba ta damu ƙwarai da ko abu jiya ne ko yau ba, kalmomi irin jiya da bara da «a da» su ke ɗaukar wannan. Abin da wakilin sunanmu yake nunawa shi ne ko aikin ya kammala ko yana gudana. Imparfait kuwa ba komai ba ne illa lokaci mai ci da aka mayar baya. Haka nan lokaci sabau: «kakata takan dama mana fura kowace safiya» ya zama Ma grand-mère nous préparait de la boule chaque matin, domin boule ake kiran fura a Faransancin Nijar. «Lokacin da nake karatu a Zariya» ya zama quand j'étudiais à Zaria. Tun daga ranar na daina bi ta Turanci. Nakan gina jimlar da Hausa a zuciyata, in duba ko «ina», «nake» ko «nakan» ne ya fito, in ko haka ne sai in miƙa hannu ga imparfait. Da na kawo wa malam wannan, sai ya ce ai haka yake koya wa yara a Damagaram, kuma ya ƙara da cewa imparfait shimfiɗa ce, passé composé kuma baƙon da ya zo ya zauna a kanta.

Sai dai wannan ma'auni yana da iyaka, kuma gano iyakar ya fi ɗaukar hankalina fiye da gano ma'aunin. A Hausa akwai aikatau da muke sa wa siffar shuɗaɗɗen lokaci alhali hali mai ɗorewa muke nufi. Muna cewa «na sani», «na san shi», «na gaji», «ya tsufa», «na iya», duk da siffar abin da ya kammala. Idan aka mayar da irin waɗannan baya, Faransanci yana ganin su a matsayin halin da ake ciki, saboda haka imparfait yake ba su. «A lokacin na san shi sosai» shi ne à l'époque, je le connaissais bien. «Ranar nan na gaji» shi ne ce jour-là, j'étais fatigué. Wanda ya bi siffar Hausa ido rufe zai ce je l'ai connu, kuma wannan wata magana ce dabam, tana iya nufin a lokacin ne na fara saninsa. Haka je savais yake nufin ina da sanin abin tun da, amma j'ai su yana nufin labarin ya iso mini a wani lokaci takamaimai. Je pouvais yana nuna ina da iko, ko na yi ko ban yi ba, j'ai pu kuwa yana nuna na samu na yi. Daga nan na gyara tambayar da nake yi wa kaina. Maimakon in tsaya ga siffar wakilin suna kawai, sai in tambaya: hali nake kwatantawa, ko aukuwa nake ba da labari? Akwai kuma jimlolinmu da ba su da aikatau ko ɗaya, irin su «shi malami ne», «akwai mutane da yawa», «ina da shekara goma», «ana zafi». Duk waɗannan idan aka kai su baya imparfait suke bukata: il était enseignant, il y avait beaucoup de monde, j'avais dix ans, il faisait chaud. Waɗannan huɗu, c'était da il y avait da j'avais da il faisait, na haddace su kamar kalmomi guda-guda, domin da wuya a ba da labari da Faransanci ba tare da sun fito ba.

Wani abin da ya zo mini ba zato shi ne tsawon lokaci ba ya cikin lissafi. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa abin da ya daɗe imparfait ne, abin da ya yi sauri kuma passé composé. Malam ya warware mana wannan da tarihin garinsu. Ya rubuta a allo: Zinder a été la capitale du Niger jusqu'en 1926, wato Damagaram ce ta kasance babban birnin Nijar har zuwa 1926, shekarar da Faransawa suka mayar da mazaunin mulki Yamai. Shekaru ne masu yawa, amma tunda an ja musu iyaka an rufe, passé composé aka sa. A ƙarƙashinta ya rubuta: En 1920, Zinder était la capitale. A nan mai magana ya shiga tsakiyar zamanin ya tsaya yana kallo, bai ambaci farko ko ƙarshe ba, don haka imparfait. Na gwada da nawa misalin: Diori Hamani a dirigé le Niger de 1960 à 1974, amma quand mon oncle est né, Diori Hamani dirigeait le Niger, wato Diori Hamani ne ke mulkin Nijar lokacin da aka haifi kawuna. Gaskiyar tarihi ɗaya ce, wurin da mai magana ya tsaya ne ya bambanta. Da na lura, mu ma haka muke yi: «ya yi shekara goma sha huɗu yana mulki» ta fara da «ya yi» domin an ƙidaya an rufe, «a lokacin shi ke mulki» kuwa ta bar ƙofa a buɗe. Saboda haka duk inda na ga adadi mai iyaka, kamar pendant trois ans ko deux fois, sai in karkata ga passé composé, inda kuma na ga autrefois, souvent, d'habitude, tous les jours ko pendant que, sai in karkata ga imparfait, ba tare da na ɗauki waɗannan kalmomi a matsayin doka mai yanke hukunci ba.

Gwajin da ya haɗa mini komai shi ne aikin gida da aka ba mu na rubuta labarin wata tafiya ta ƙuruciya. Na zaɓi tafiyarmu Maraɗi ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Na fara rubuta shi da Hausa, na ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, na sa alama ɗaya ga masu kwatanta hali da al'ada, wata alamar ga masu tura labari gaba, sannan na juya. Ga yadda farkonsa ya fito: Quand j'étais petit, nous allions à Maradi pendant les grandes vacances. La route était longue et il faisait chaud. Ma mère portait toujours des cadeaux pour ses sœurs. Un jour, pendant que nous attendions à la frontière, la pluie a commencé. Ma'anarsa: ina ƙarami mukan je Maraɗi a dogon hutu, hanya da nisa ga zafi, mahaifiyata kullum takan riƙe wa 'yan'uwanta mata tsaraba, wata rana muna jira a bakin iyaka sai ruwa ya sauko. Aikatau shida na farko duk imparfait ne, kuma babu abin da ya motsa a labarin sai da un jour ya zo ya kawo passé composé, daidai inda mai ba da tatsuniya zai ce «ana nan, ana nan, sai wata rana». Da na karanta shi a aji da babbar murya, na ji a karo na farko cewa labari nake bayarwa da Faransanci.

Sauran ayyukan imparfait mun bi ta kansu da sauri, kuma ban sha wuya da su ba. Yana zuwa bayan si domin sharaɗin da bai tabbata ba, kamar si j'avais de l'argent, j'achèterais une moto, wanda ya yi daidai da «da ina da kuɗi da na sayi babur», kuma ba a yarda a sa conditionnel, wato siffar sharaɗi irin j'achèterais, nan take bayan wannan si ba. Yana zuwa wajen ba da shawara, si on allait au marché?, wato me zai hana mu je kasuwa. Yana zuwa wajen maimaita maganar wani, inda je suis malade ke komawa il a dit qu'il était malade. Wanda na fi so shi ne na ladabi: idan mutum ya shiga ofis ya ce je voulais vous demander un service, bai nufin son ya wuce, yana dai ja da bukatarsa baya kaɗan ne domin kada ta zo wa mai sauraro da ƙarfi, kamar yadda mu ma mukan ce «dama ina so ne in roƙi wata alfarma».

Da na koma Maraɗi gaisuwa, na zauna da wani ɗan kawuna da ya yi makarantar boko a can, na roƙe shi mu yi hirar da Faransanci ko da rabin sa'a ce. Ya ba ni labarin yadda kasuwa take a zamanin ƙuruciyarsa, ni kuma ina sa kunne ga ƙarshen kalmominsa: on vendait, les gens venaient, il y avait, c'était. Inda a da nake jin sautin e kawai yana ta maimaituwa, yanzu ina jin inda yake shimfiɗa hali da inda yake kawo aukuwa, kuma da ya tambaye ni aikin da nake yi kafin koyarwa, amsar ta fito da je travaillais ba tare da na tsaya neman nous a zuciyata ba. Har yanzu nakan dakata a kan vouloir da devoir, domin ratar da ke tsakanin je devais partir, wato ya kamata in tafi, da j'ai dû partir, wato dole ta sa na tafi, tana bukatar mutum ya san ainihin abin da yake son faɗa kafin ya buɗe baki. Darasin da muka shiga bayan wannan shi ne conditionnel, kuma malam ya buɗe shi da nuna mana cewa ɗafa-ƙeyoyinsa su ne dai shidan nan na imparfait, sai dai a liƙa su ga saiwar lokaci mai zuwa, ta yadda je parlais zai koma je parlerais, j'étais kuma ya koma je serais.